Tarkon da ke Madatsa ta Takwas

A jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka, akwai wata madatsar ruwa a kan Kogin Snake da ake kira Lower Granite. Daga bakin tekun Pasifik zuwa gindinta kusan kilomita 700 ne, kuma duk kifin salmon da ya iso nan ya riga ya haye madatsu 7 a baya. Wannan ce ta takwas, ta ƙarshe kafin ya kutsa tsaunukan Idaho da gabashin Oregon inda aka ƙyanƙyashe shi. A gefen madatsar an gina masa matakala, wato jerin tafkunan siminti, kowanne ya ɗara na ƙasansa da ƙafa guda, ruwa na gangarowa a kansu. A tsakiyar matakalar akwai ƙyauren da ke tare hanya ya karkatar da kifi zuwa cikin bututu. Mafi yawansu bututun yakan mayar da su kan matakala su ci gaba da tafiya. Amma sau kaɗan a kowace sa'a, kwamfuta takan buɗe wata ƙofa na 'yan mintuna, duk kifin da ƙaddara ta kawo a wannan lokaci sai ya faɗa tankin ajiya.

Da safe ma'aikata su zuro shi cikin ruwan da aka sa wa maganin sa barci. Sinadarin da ke aiki a maganin na yanzu shi ne wanda ke cikin kanumfari. Idan jikinsa ya saki, a auna tsawonsa, a ɓanɓare ɓawo kaɗan daga bayansa, a gutsiri ɗan fiffike, a shafa masa na'ura a ji ko yana ɗauke da lamba a cikinsa, in babu a sa masa. Ya farfaɗo, a sake shi. Haka ake yi daga watan Maris zuwa Nuwamba. Tarko ne da ba a ɗana shi don miya ba, kuma yadda aka yi ƙasa mai arziki irin Amurka ta koma tsayar da kifi a hanya tana duba takardunsa kamar a shingen kwastan, labari ne na kusan shekara 90.

Sai an san halin kifin kafin a gane tarkon. Salmon a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, cikin tsakuwar rafuka masu sanyi. Yana ɗan yatsa ya bi ruwa ya gangara teku, ya yi shekara 1 zuwa 4 ko fiye yana ƙiba, sannan ya juyo ya nufi ainihin rafin da ya fito. Daga ranar da ya bar teku ba ya ƙara cin abinci, da kitsen jikinsa zai yi tafiyar. Ya isa, macen ta haƙa rami da wutsiya ta zuba ƙwai, namijin ya fesa maniyyi, cikin 'yan kwanaki duka su mutu. Ɗan uwansu da ake kira steelhead ne kaɗai wani sa'in yakan tsira ya koma teku. Yadda yake gane gida ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Arthur Hasler da Warren Wisby suka ce da hanci ne. Suka kama kifayen da suka riga suka hau rassa biyu na rafin Issaquah, suka toshe wa wasu hanci da auduga, suka mayar da su ƙasan mararraba suka sake. Masu buɗaɗɗen hanci galibi suka koma reshensu, masu toshewa suka rikice. An wallafa sakamakon a 1954. Muhimmancin wannan shi ne, salmon ɗin kogi ba al'umma ɗaya ba ce. Kowane rafi da zuriyarsa, mai lokacin dawowarta da girman jikinta. Idan ta ƙare, ta maƙwabta ba lallai ta maye gurbinta ba.

An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, salmon da steelhead miliyan 10 zuwa 16 ke shiga Kogin Kolumbiya da rassansa duk shekara, Snake kuwa shi ne babban reshe. Mutanen ƙasar na asali sun shekara dubbai suna tare kifin a wuraren da kogi ya ƙuntata. Mafi shahara shi ne mafaɗar ruwa ta Celilo, inda masunta ke tsayawa a kan dakalan katako da suka maƙala a jikin dutse suna kwasa da koma mai dogon mariƙi, kuma wurin ya zama babbar kasuwa da ake zuwa daga nesa. A 1855 al'ummun Yakama, Umatilla, Nez Perce da Warm Springs suka sa hannu a yarjejeniyoyin da suka miƙa wa gwamnatin Amurka mafi yawan ƙasarsu, amma suka riƙe haƙƙin su a wuraren da suka saba. Bayan shekara 11, a 1866, aka buɗe masana'antar kifin gwangwani ta farko a kan kogin. A 1883 kaɗai an kama wajen fam miliyan 43 na chinook, wanda shi ne mafi girma a dangin salmon. Aka kakkafa wasu manyan ƙafafun katako da ruwa ke juyawa suna kwasar kifi dare da rana ba mai tsaro, har sai da jihar Oregon ta haramta su a 1926, Washington ta bi a 1934. Kafin a zuba buhun siminti ɗaya a kogin, kifin ya riga ya ragu ƙwarai. Masu kare madatsu suna yawan tuna wa mutane wannan, kuma gaskiyarsu ne.

Madatsar Bonneville, ta farko daga teku, ta fara aiki a 1938. An yi mata matakalai bayan doguwar gardama, kuma ba wanda ya tabbata kifin zai yarda ya hau. Don a gani da ido aka zaunar da mutane a kan matakalar, kifi na ratsa wani farin allo a ƙarƙashin ruwa, su kuma suna ƙirgawa. Kifin ya hau. Amma wani abu ya faru da bai cikin lissafin injiniyoyi sosai: kogi mai faɗi da ba a taɓa iya ƙirga abin da ke cikinsa ba, yanzu duk kifinsa dole ya bi ta ƙofa mai faɗin 'yan ƙafafu. Abin da ya tare masa hanya shi ya zama wurin ƙidayarsa. Daga 1938 zuwa yau ba a daina ƙirga ba. Yanzu ta tagar gilashi ake yi. Mai ƙirga yakan yi minti 50 a kowace sa'a ya huta 10, sai a ninka abin da ya samu da 1.2 don cike giɓin.

Tarko na farko mai girma kuwa bala'i ne ya kawo shi. Can sama a kan Kolumbiya ana gina Grand Coulee, mai tsawon mita 168, kuma an yanke shawara ba za a yi mata matakala ba. Bayanta akwai koguna da rafuka masu nisan fiye da kilomita 1,700 inda salmon ke zuba ƙwai, har cikin Kanada. Daga can ne irin manyan chinook ɗin nan na watan Yuni ke fitowa, waɗanda ake ganin tsofaffin hotunansu an rataye sun kusa kai tsawon mutum. Me za a yi da kifin da zai zo ya tarar da bango? Dabarar da aka yi ita ce a tare shi tun a madatsar Rock Island, fiye da kilomita 200 a ƙasa. Daga 1939 zuwa 1943, duk babban kifin da ya hau matakalar Rock Island an kama shi, an loda a motocin tanki, an kai shi kogunan Wenatchee, Entiat, Methow da Okanogan da ke ƙasa da Grand Coulee, ko kuma sababbin gidajen ƙyanƙyasa irin na Leavenworth. A wasu rafukan an yi shinge sama da ƙasa don kada ya tsere ya koma neman gidansa. An yi shekara 5 ana yi ne don a cinye zuriya guda cif, yadda ba za a bar kifi ko ɗaya da hancinsa ke tuna ruwan sama ba.

A takarda dabarar ta yi kyau. A ruwa kuwa kifi da yawa ya mutu a tsare kafin ya zuba ƙwai, saboda zafi da rauni da cuta. Abin da ya fi wannan daɗewa shi ne cakuɗa. Ma'aikacin da ke Rock Island ba shi da hanyar sanin wannan kifi ɗan Wenatchee ne, wancan ɗan Kanada. Duk aka haɗa su a tanki guda, aka aurar da su yadda ta kama. Zuriyoyin da suka yi shekaru dubbai suna rarrabuwa aka dama su cikin shekara 5, kuma abin da ke waɗannan koguna a yau jikokin wannan damu ne. Ban ga amfanin zagin mutanen 1939 ba, da abin da suka sani suka yi aiki, amma a nan ne aka koyi cewa kama kifi a madatsa ba tare da sanin ko shi wane ne ba, rabin aiki ne. A watan Yunin 1940 al'ummun yankin suka taru kwana 3 a mafaɗar Kettle, wurin sunsu na kaka da kakanni, suka yi ban kwana da ita kafin ruwa ya rufe ta. An san taron da Bikin Hawaye. Celilo ma ba ta tsira ba: ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin sa'o'i ƙarar ruwan ta ɗauke.

Sai aka juya kan Snake. Ice Harbor a farkon shekarun 1960, Lower Monumental a 1969, Little Goose a 1970, Lower Granite a 1975, duk aikin sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka, don lantarki da kuma don jiragen dakon alkama su iya kaiwa garin Lewiston na Idaho. Dukansu suna da matakala, manyan kifaye na hawa. Matsalar tana wajen ƙanana masu gangarowa. Kogin da a da yake tura su teku cikin 'yan kwanaki ya zama jerin tafkuna masu kwantaccen ruwa cike da kifaye masu cin su, ga farfelun injin lantarki suna jira a kowace madatsa. Gwaje-gwajen farko sun nuna farfela na kashe wajen 1 cikin 10 na waɗanda suka bi ta cikinta. Ka yi wannan lissafi sau 8: ko da babu wani abin kisa sai farfela, ƙasa da rabi ne za su kai. A shekarun fari na 1973 da 1977 asarar ta haura kashi 90 cikin 100.

Masu binciken hukumar kula da kifi ta tarayya suka ce to a ɗauke su a mota mana, a tsallake madatsun, a sake su ƙasan Bonneville. Tun 1968 suka fara gwadawa, daga 1977 aka ƙara da jiragen ruwa. Amma ta yaya za a san ko dabarar ta yi amfani? Dole a yi wa rukuni biyu shaida, na mota da na kogi, a jira shekara 2 ko 3, a ga wanne ya fi dawowa. Wannan tambaya ce ta haifi tarkon bincike irin na yau.

Shaidar da suka samu a lokacin wata 'yar waya ce da Keith Jefferts da Peter Bergman da abokin aikinsu suka bayyana a 1963. Tsawonta ya ɗan wuce milimita 1, ana harba ta cikin guringuntsin hancin ɗan kifi. A jikinta an zana lamba da tsarin lissafin sifili da ɗaya, wanda kwamfuta ke aiki da shi, sai da madubin ƙara girma ake karantawa. Lambar ba ta kifi ɗaya ba ce, ta rukuni ce gaba ɗaya. Don a gane mai waya daga waje, sai a yanke masa ɗan fiffiken nan mai tsoka da ke tsakanin gadon baya da wutsiya. Duk wanda ya taɓa gyaran kurungu ya san irinsa. Illar wayar ɗaya ce, amma babba: sai an yanke kan kifi an tono ta. Ga kifin da masunci ya riga ya kama, ba komai. Ga wanda ake so ya wuce ya haihu, ba ta yiwuwa. Sai suka haɗa dabaru. Wayar tana da maganaɗisu, don haka aka kewaye bututun matakala da na'urar da ke jin wucewarta ta buɗe ƙofar tarko. A gefen jikin kifin kuma tun yana ƙarami an yi masa lalas, kamar na raƙumi, sai dai da ƙarfen da aka daskarar maimakon na wuta. Na'ura ta ware shi, mutum ya karanta tambarin, a sake shi. An yi irin wannan a Little Goose, sannan aka gina tarkon Lower Granite tare da madatsar a 1975.

A shekarun 1980 wani mai bincike na wannan hukuma, Earl Prentice, ya jagoranci gwajin abin da ya sauya komai. Ɗan gilashi ne kamar ƙwayar shinkafa, tsawonsa milimita 12, ana sa shi da allura a cikin cikin kifi. Ba shi da batir. Idan ya ratsa eriya, ƙarfin da eriyar ke fitarwa ya tashe shi ya faɗi lambarsa, kuma lambar tasa ce shi kaɗai. Kifi ya sami suna ke nan. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara kafa eriyoyi a hanyoyin ƙananan kifaye, daga baya a matakalan manya, daga baya har a ƙasan rafuka. Duk karatun yana taruwa a rumbun bayanai guda mai suna PTAGIS, wanda kowa zai iya shiga ta intanet. A nan ni ma na fara cin karo da wannan labari, ina neman buɗaɗɗun bayanai masu yawa da zan gwada wata manhaja da su. Na tarar da gomman miliyoyin layuka, kowanne kifi. Lambobi da yawa sun fara da 3D9, wanda a lissafin goma sha shida-shida yake nufin 985, lambar kamfanin da ya ƙera gilashin. Ka ɗauki layi guda ka bi shi: an sa masa lamba a rafi kaza, ya wuce Lower Granite ranar kaza da ƙarfe kaza, shiru na shekara 2, sai ga shi a Bonneville yana hawa. Mafi yawan layukan ba su da wannan sashe na ƙarshe. A kifayen Snake na farkon shekara, sau da yawa ƙasa da 1 cikin 100 ke dawowa, alhali masu tsara farfaɗowar kifin sun ce ana bukatar 2 zuwa 6.

Da wannan shaida tarkon ya koyi zaɓe. Mai bincike zai iya ba kwamfuta jerin lambobin da yake nema, ƙofa ta buɗe wa waɗannan kaɗai. Amsar tambayar 1968 kuwa ta zo a hankali, kuma ba ta faranta wa kowa rai ba. Kusan duk kifin da aka ɗauka a jirgi yana sauka da rai, amma da yawa kan mutu daga baya fiye da yadda aka zata, kuma ribar dakon ta danganta da irin kifi da shekara da lokacin da aka ɗauke shi. Waɗanda suka dawo kuma sun fi 'yan uwansu ɓatan hanya, wataƙila don ba su shaƙi kogin daki-daki ba sa'ad da suke gangarowa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda tarko ya tona asirin taga. Mai ƙirga ta gilashi yana ganin kifi na daƙiƙa 1 ko 2, don haka an yi masa ƙa'idoji masu sauƙi. Chinook da bai kai inci 22 ba ana rubuta shi a matsayin wanda ya dawo da wuri bayan shekara guda a teku. Ayarin da kifi yake ciki kuwa kalanda ke yankewa: a Bonneville wanda ya wuce ranar 31 ga Yuli ɗan ayarin tsakiyar shekara ne, wanda ya biyo shi washegari ɗan ayarin kaka, a Lower Granite kuma iyakar ita ce 18 ga Agusta. Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan ƙa'ida da aka kafe a cikin tsari don aiki ya tafi, ya kuma san ranar da take cizo. A shekarun 1990 masu bincike na Jami'ar Idaho ƙarƙashin Ted Bjornn suka riƙa kama manyan kifaye a madatsa suna cusa musu 'yar na'urar rediyo a ciki suna bin sawunsu. Suka gano cewa wasu kifayen bayan sun haye, ruwa kan ja su su faɗo ta ƙofofin sakin ruwa, su sake hawa. Taga ta ƙirga su sau biyu. Ɓawon jikin kifi kuma, wanda Charles Gilbert ya nuna tun 1913 cewa zobbansa na faɗin shekaru kamar na kututturen itace, ya nuna tsawo ba ya faɗin shekaru daidai.

Sai babbar tambaya: cikin kifin da ke wucewa, nawa ne ɗan daji, nawa ɗan gidan ƙyanƙyasa? Doka ɗan daji take karewa. An ɗauka mai yankakken fiffike na gida ne, mai cikakke na daji. Amma ba duk na gida ake yi wa yanka ba. Daga wajen 2008 aka fara ɗaukar samfurin ƙwayoyin gado na duk iyayen da aka yi amfani da su a gidajen ƙyanƙyasa na yankin Snake. Guntun fiffiken da aka gutsira a tarko sai a gwada shi da wannan ma'ajiya. In an sami uwa da uba, na gida ne, har a san gidan da shekarar. In ba a samu ba, a duba da zuriyar wane kogi ya fi kama. Abin da ya gagari ma'aikacin Rock Island a 1939 ya samu bayan shekara 70. Sakamakon shi ne adadin 'yan daji ya ƙara raguwa a takarda, don wasu da ake ƙirgawa a cikinsu ashe baƙi ne. Shi ya sa idan aka ji cewa chinook sama da miliyan 1 sun wuce Bonneville a 2015, sai a tambaya nawa ne uwarsu ta haƙa rami a tsakuwa. Da yawa a tiren gidan ƙyanƙyasa aka haife su.

Wani lokaci tarkon ya kan tashi daga awo ya koma ceto. A 1990, 'yan dajin chinook na ayarin kaka 78 kacal aka ƙiyasta sun haye Lower Granite. Daga tarkon ne ake ɗibar iyayen da gidan ƙyanƙyasa na Lyons Ferry da na al'ummar Nez Perce ke amfani da su, kuma a tsakiyar shekarun 2010 adadin wannan ayari, na gida da na daji, ya kusa 60,000 a shekara. Labarin sockeye ya fi tsanani. Wannan kifi yana tafiyar kusan kilomita 1,450, ya fi nisan Legas zuwa Kano nesa ba kusa ba, yana hawan kusan mita 2,000, ya kai tafkin Redfish a Idaho, wanda ya sami sunansa daga jan da jikinsu ke yi. Al'ummar Shoshone-Bannock ce ta kai ƙorafi a 1990, aka sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1991. A 1992 guda ɗaya tak ya iso shingen bakin tafkin, namiji, aka sa masa suna Lonesome Larry, wato Larry ɗan kaɗaici. Aka daskarar da maniyyinsa aka riƙa amfani da shi a shekarun baya. 'Yan daji 16 ne suka dawo tsakanin 1991 da 1998, an kama su duka an tsare. A 2010 fiye da 1,000 suka dawo kwarin. Zuriyar tana nan, amma da hannun mutum take numfashi.

Kama kifi ba kyauta ba ne. Wanda ya yi makonni bai ci ba, aka tsare shi dare guda, aka sa shi barci, aka taɓa shi, ya biya wani abu daga ɗan kitsen da ya rage masa, kuma ruwa na ƙara zafi kuɗin na ƙara tsada. Shi ya sa aka kafa ƙa'ida cewa idan ruwan tarko ya haura maki 21 a ma'aunin Salshiyas, a dakatar da awo. A nan akwai ƙulli: shekarar da aka fi bukatar sanin abin da ke samun kifi, ita ce shekarar da ake rufe tarkon, sai bayanai su yi rami daidai inda labarin yake. A 2015 ƙanƙarar tsaunuka ta yi ƙaranci, zafi ya zo da wuri. Sockeye wajen rabin miliyan suka wuce Bonneville, kusan rabinsu suka mutu a hanya. Cikin kimanin 4,000 da suka nufi Snake, wajen 1 cikin 100 ne ya kai gida da kansa. A watan Yuli aka ba da izinin gaggawa, aka kama 'yan gommai a Lower Granite aka kai su gidan ƙyanƙyasa na Eagle a mota. Kamar an dawo 1939.

Ra'ayina, tarkon ya yi aikin da aka ba shi, har ya wuce. Da wuya a sami wata dabbar daji a duniya da aka san tafiyarta dalla-dalla irin salmon ɗin Snake. Sai dai sanin ya riga yanke shawara gudu. Da bayanan nan al'ummun asali da masu kare muhalli suka yi ta kai gwamnati kotu, alƙalan tarayya a Portland suka yi watsi da tsare-tsarenta a 2003, 2005, 2011 da 2016. Da su ne kuma masu kare madatsun ke nuna cewa fiye da kashi 90 na ƙananan kifaye na tsallake kowace madatsa da rai, su ce laifin na teku ne mai ɗumama. Kowa na da layukan da zai ciro daga rumbu guda. A Disambar 2023 gwamnatin Biden ta ƙulla yarjejeniya da al'ummu 4 da jihohin Oregon da Washington da ke share fagen duba rushe madatsu 4 na ƙasan Snake. A Yunin 2025 shugaba Trump ya janye daga cikinta.

Can sama da Grand Coulee kuwa, motocin tanki sun dawo, wannan karon suna kai kifi sama. A 2019 al'ummun Colville suka saki manyan chinook a bayan madatsun da ba su da matakala, a 2020 aka ga ramukan ƙwai a Kogin Sanpoil, karo na farko cikin kusan shekara 80. Tun kafin nan, a 2017, al'ummar Spokane ta saki ƙananan chinook wajen 750, kowanne da gilashinsa a ciki, a wani rafi na ƙasarta. Hanyarsu ta zuwa teku ta bi ta Grand Coulee, wadda ba a yi mata mafitar ƙananan kifi ba. A 2019 na'ura ta karanta lambar ɗaya daga cikinsu a Bonneville, tana hawa. Mace ce. Aka bi ta madatsa bayan madatsa har ta kai gindin Chief Joseph, inda matakalai suka ƙare, ta shiga matakalar gidan ƙyanƙyasar da ke wurin.